Wai da gaske ne ruwan tanki da fanka mai ruwa suna kawo ciwon huhu?

Dan_KofarSauri:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu ilimin lafiya ku warware mana wani abu. Akwai saƙon murya da ke ta yawo a WhatsApp wai akwai wata cutar huhu, Lijiyonela, da ake ɗauka daga iskar esi, wai in ta kama dattijo da ƙyar yake sha. Ni abin da ya dame ni irin kular nan ce da ta cika kasuwa bana, wadda ake zuba wa ruwa da ƙanƙara ta riƙa huro sanyi, kusan kowane gida a unguwarmu an saya kuma ɗakin tsofaffi ake fara sa wa saboda zafin nan. Ita ma tana ciki? Sannan ruwan tankinmu na sama da rana ke gasawa wuni guda fa?

Ummu_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Allah ya tsare mu. Ni ma an turo min, har na kashe esin ɗakin Hajiyarmu jiya da dare, ta kwana tana fifita.

Abba_MaiEsi:
Anti Ummu don Allah ki kunna wa Hajiya abinta, zafin nan ma kansa illa ne ga tsoho. Sana'ata ke nan. Esin gida, ko na bango ko na taga, da gas yake sanyaya iska, ba ya amfani da ruwa. Ruwan da kike gani yana ɗiga a waje laimar ɗakin ce ta taru, fita take yi ba feso ta ake yi ciki ba. Na mota ma haka. Wanda ake magana a kai na manyan gine-gine ne da masana'antu, akwai wata hasumiya da suke ɗorawa a sama ko bayan gini, ruwa mai ɗumi na zagayawa a ciki, ƙatuwar fanka na busa shi don ya huce, to wannan busawar ce ke watsa feshi a iska. Mai saƙon ya haɗa su ne ya yi musu kuɗin goro.

Dakta_MB:
Abba ya yi daidai. Bari in ɗan faɗaɗa don a gane inda haɗarin yake. Cutar gaskiya ce, ƙwayar bakteriya ke kawo ta, sunanta Legionella, kuma asalin mazauninta ruwa ne, tafki, kogi, rijiya, jiƙaƙƙiyar ƙasa. A can ba ta da yawa shi ya sa ba ta cika cutar da kowa ba. Matsala na farawa ne in ta shigo ruwan da mu muka tara, ta samu abu uku: ɗumi, zama wuri ɗaya, da datti irin su tsatsa da laka da yauƙi. Tana hayayyafa tsakanin digiri 20 zuwa 45, ta fi jin daɗi wajen 35. Ƙasa da 20 lafewa take yi ba ta mutu ba, a 60 kuma cikin 'yan mintoci take mutuwa. Sai abu na huɗu, sai ruwan ya zama feshi mai laushi sosai wanda ido ma ba ya gani, mutum ya shaƙa ya kai can ƙasan huhu. In babu wannan na huɗun, da wuya ta kama mutum.

Baba_Mashi:
Likita ranka ya daɗe, mu da muka tashi muna shan ruwan tafki da na rijiya tare da shanu, ba mu taɓa jin wannan ba. Kullum sai an ƙirƙiro wata sabuwa daga Turai a zo a tsorata talaka.

Dakta_MB:
Baba Allah ya ƙara girma. Ai maganarka ba ta saɓa da tawa ba. Shan ruwan ba shi ne hanyarta ba, in ta shiga ciki ba ta yin komai. Ku da guga kuka ja, da ƙwarya kuka yi wanka, ruwan randa kuma kullum ƙarewa yake a sake. Mu ne muka ɗora baƙin tanki a rana muka sa shawa. Abu ɗaya kawai game da sha: in mutum ya ƙware ruwan ya bi ta hanyar iska, musamman tsoho ko mai shanyewar ɓarin jiki da haɗiya ke ba shi wuya, to ta nan tana iya shiga.

Malamin_Tarihi_KT:
Baba ba sabuwa ba ce, ganewa ce aka yi a makare. A watan Yulin 1976 ƙungiyar tsoffin sojojin Amurka, American Legion, ta yi taro a otal ɗin Bellevue-Stratford a birnin Filadelfiya. Bayan an watse kowa ya koma garinsu sai zazzaɓi da ciwon huhu suka riƙa kwantar da su, mutum 221 suka kamu, 34 suka mutu, har da waɗanda ba su shiga otal ɗin ba, ta gefensa kawai suka bi. An yi ta zargin guba. Sai a Janairun 1977 wani masanin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC), Joseph McDade, ya gano ƙwayar. Da aka koma aka duba tsoffin jinin da aka adana sai aka tarar ita ce ta kwantar da ma'aikatan wani ofishin lafiya a garin Pontiac na jihar Mishigan tun 1968, sai dai waccan zazzaɓi kawai ta sa, babu wanda ya mutu.

Fulamba_KofarKaura:
Ni ba boko gare ni ba amma wallahi abin da likita ya lissafa kullum shi nike gani. Ku hau ku buɗe tankinku ku sa hannu a bangon ciki, za ku ji santsi kamar randar da ta daɗe ba a ɗauraye ba. Ƙasan kuwa laka ce zalla, musamman masu bohol, wani tun ranar da aka ɗora shi ba a taɓa wankewa ba, murfi iska ta ɗauke, ƙurar hunturu duk ta shiga har da ƙadangare wani lokaci. Kuma da azahar a watan Afrilu in ka buɗe famfo ai sai ka janye hannu. Wani abin da mutane ba su lura da shi, bututun da aka yanke aka toshe bakinsa. An ce za a yi banɗaki a can, an ja fayif, kuɗi sun ƙare, an toshe. Ruwan da ke cikin wanga fayif ba ya zuwa ko'ina, shekara da shekaru yana nan kwance kuma yana haɗe da layin gidan.

Dakta_MB:
Oga Fulamba ka taɓo wurin. Wannan santsin shi ne gidanta. A cikinsa akwai wasu ƙananan halittu da ake kira amiba, ita ƙwayar cikinsu take shiga ta hayayyafa, su kuma su kare ta daga kulorin. Dabarar da take yi ke nan a huhun mutum, ta shige cikin ƙwayoyin garkuwar jiki da suka zo cinye ta. Shi ya sa zuba magani a tanki ba tare da an goge bangon ba bai cika wadatarwa ba.

Abba_MaiEsi:
To amma Oga in ruwan tanki ya yi zafin da ake janye hannu ai ya wuce inda take so ko?

Fulamba_KofarKaura:
Na sama-sama ne ke zafi haka da wanda ya kwana cikin fayif a rana. Ƙasan tanki inda lakar take ɗumi-ɗumi ne kawai, dare ya yi kuma duk ya huce ya dawo daidai. Ba ya kai wa sittin ɗin da likita ya faɗa.

Hajiya_Goruba:
Innalillahi. Ni yanzu na tuna ƙanin maigidanmu. Ya je wani taro ya sauka a wani otal, ya ce ɗakin da aka ba shi da ya buɗe shawa ruwan ja ya fara fitowa da wari, alamar an daɗe ba a shiga ba. Bayan ya dawo da kamar mako sai zazzaɓi mai zafi, ciwon jiki, gudawa, daga baya tari da numfashi sama-sama har yana sambatu. An yi maganin maleriya, an yi na taifot, kemis ya ba da amoksil, shiru. Sai da aka kwantar da shi aka ɗauki hoton ƙirji aka canja magani sannan ya dawo hayyacinsa. Kuma mai shan sigari ne ga ciwon suga.

Sista_Daura:
Hajiya Allah ya ƙara masa lafiya. Ba za a yanke cewa ita ce ba sai da gwaji, don ciwon huhu iri-iri ne kuma a hoto duk kama suke yi. Amma yadda kika ba da labarin ya yi kama ƙwarai. Tana ɗaukar kwana 2 zuwa 10 kafin ta bayyana, wani lokaci har sati biyu, kuma gudawa da ruɗewa tare da ciwon huhu suna cikin abin da ke sa a yi zarginta. Su amoksil da dangin fenisilin ba sa yi mata komai saboda ɓuyan da likita ya ce tana yi a cikin ƙwayoyin jiki, sai irin su azitromaisin ko lebofuloksasin. Don Allah kar wani ya karanta wannan ya tafi kemis ya saya, ba abin da nake nufi ke nan ba. Abin da nake roƙo, in za ku kawo mara lafiya ku faɗa mana ya yi tafiya, ya kwana a otal, ko an buɗe gidan da ya daɗe a rufe. Mutane ba sa faɗa don suna ganin bai shafi ciwon ba.

Ummu_Sadiq:
Sista to masu jinya fa? Ana ɗauka in ya yi tari?

Sista_Daura:
A'a Anti, ba irin tibi ko korona ba ce. Ba a san ta da bin mutum zuwa mutum ba. Sau ɗaya aka ba da rahoton abin da ya yi kama da haka, a ƙasar Fotugal a 2014, wani ma'aikaci da mahaifiyarsa da ta yi jinyarsa a ƙaramin ɗaki rufe. Ban da wannan, in kin ga mutum biyu a gida ɗaya sun kamu to ruwa ɗaya suka shaƙa.

Dalibin_Ilimi:
Tambayata kan alwala ce. Muna shaƙa ruwa a hanci sau uku, sau biyar a rana, kuma yawancin masallatanmu ruwan tanki ne. Wannan bai zama shaƙar da ake faɗa ba?

Dakta_MB:
Malam tambaya mai kyau. Ruwan da ake shaƙawa a alwala a hanci yake tsayawa a fyace shi, ba ya kai wa huhu. Wanda ke kai wa huhu sai ɗigo ƙanana ƙwarai da ke yawo a iska, irin na shawa ko na injin feshi. Don haka kar kowa ya shiga waswasi a alwalarsa. Amma tankin masallaci ya cancanci wanki kamar na gida, ko don wasu cututtukan.

Dalibin_Ilimi:
Jazakallahu khairan. Zan kai maganar wankin ga kwamitin masallacinmu, don kuɗin sayen man janareta ake tarawa kullum, ban taɓa jin an ware na wanke tanki ba.

Dan_Layout:
Duk wannan magana tushenta rashin ruwan famfo ne tsayayye. Da ruwan madatsar Ajiwa na zuwa kowace unguwa a Katsina kullum wa zai tara ruwan sati a sama? Wanda ba shi da bohol sai 'yan ga-ruwa, jarkokin nan kuwa ka leƙa cikinsu kore shar.

Maman_Ilham:
Wallahi kuwa, ga tsada. Kura ɗaya yanzu sai ka yi tunani kafin ka kira. Wanda ya sayi ruwa da kuɗinsa ka ce ya zubar don wanke tanki ai sai ya kalle ka.

Fulamba_KofarKaura:
Maman Ilham ba zubarwa za a yi ba. A bari ya kusa ƙarewa sannan a wanke, na ƙasan a ba shuka ko a wanke tsakar gida.

Malamin_Tarihi_KT:
Dan_Layout ruwan gwamnati ma ba shi ne ƙarshen magana ba. A garin Flint na Amurka a 2014 aka canja inda ake ɗebo ruwan gari zuwa kogi, bututu suka yi ta tsatsa, kulorin ya yi rauni, cutar ta ɓarke tsakanin 2014 da 2015, aƙalla mutum 12 suka mutu. Kuma hasumiyar da Abba ya faɗa ita ta haddasa mafi yawan manyan ɓarkewar, kamar ta birnin Mursiya a Sifen a 2001 inda aka tabbatar da mutum sama da 400. A arewacin Faransa ma ƙarshen 2003 an samu waɗanda suka kamu suna nesa da masana'antar da kilomita da dama, iska ce ta kai musu.

Dan_KofarSauri:
Na gode ƙwarai jama'a, na ƙaru. Amma har yanzu ba a taɓa min maganar kular ba, ita ce a ɗakin mahaifina yanzu haka.

Abba_MaiEsi:
Iri biyu ne Yaya, a rarrabe. Akwai mai tabarma a baya, famfo na jiƙa tabarmar iska na ratsawa ta fito da sanyi. Akwai kuma fanka mai feso hazo, wadda kake ganin farin abu na fita daga tsakiyarta, irin ta wuraren biki da wasu gidajen abinci. Ta biyun ita ce kai tsaye take watsa ruwan tankinta a fuskarka. Ni a ganina ta farkon ba ta da matsala.

Dakta_MB:
Abba na yarda ta biyun ta fi haɗari nesa ba kusa ba. A 1989 a garin Bogalusa na jihar Luwiziyana injin da ke fesa hazo kan kayan lambu a wani kanti ne ya sa wa masu sayayya cutar. Amma ba zan ce ta farkon ba ta da matsala kwata-kwata ba. Gaskiya ne ruwan da ya bi iska ya zama laima ba ya ɗaukar ƙwaya, sai dai in tabarmar ta toshe da datti ko ta yage, fanka na fizgo ɗigon ruwa. Kuma yadda muke amfani da ita ne abin dubawa: ƙanƙara ta narke, wuta ta ɗauke, ruwan ya wuni a ɗaki mai zafi, gobe a ƙara wani a kai ba a zubar da na jiya ba. Malam Dan_KofarSauri, ku riƙa juye ruwan kullum, a goge cikin tankin, a bar fankar ta yi aiki ba ruwa na ɗan lokaci don tabarmar ta bushe. In damina ta shigo za a ajiye, a ajiye ta a bushe. Mahaifinka na cikin waɗanda aka fi ji wa tsoro, don alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na masu kamuwa sun haura shekara 50, kuma maza sun fi yawa. Sai masu shan taba, masu suga, ciwon ƙoda, tsohon ciwon huhu da masu raunin garkuwar jiki. Wajen mutum 1 cikin 10 da suka kamu ke rasuwa, kuma babu allurar rigakafinta.

Amaryar_Batagarawa:
Kai, a bikin ƙawata fankokin hazon nan huɗu aka jera, iyaye mata duk suka koma gabansu suka zauna. Masu haya daga wannan biki sai wancan, wa ya san yaushe suka wanke.

Maman_Ilham:
To surace fa? Mu in mura ta kama yaro ganye muke dafawa a lulluɓa.

Sista_Daura:
Ruwan surace an tafasa shi, ƙwayar ba ta rayuwa a ciki, ku dai kula da ƙuna. Wanda ya fi damuna injin shaƙa maganin asma da mutane ke saya su ajiye a gida, da kwalbar ruwan da ke jikin iskar oksijin. Kar a zuba musu ruwan famfo ko na leda, akwai ruwan da aka tanada don su, kuma in an wanke a bari su bushe sarai.

Direban_Jibiya:
Ni direba ne, an ce esin mota ba ruwansa, alhamdulillah. Amma wani ya ce min ruwan goge gilashi ma wai.

Dakta_MB:
Gaskiya ya faɗa maka. Robar tana kusa da inji, kullum da ɗumi, kuma feshi take yi. Wani bincike a Ingila a 2010 ya nuna direbobin da ke zuba ruwa zalla ba tare da sinadarin wanke gilashi ba sun fi shiga haɗari. Ka riƙa zuba sinadarin. 'Yan wankin mota masu injin feshi su ma su kula da tankin da suke ja.

Baba_Mashi:
To na ji bayani kuma na gode. Amma ni har yanzu ina ganin abin da ke kashe mu a nan maleriya ce da amai da gudawa da ƙyanda. Kar a bar jaki a koma dukan taiki.

Sista_Daura:
Baba ba wanda ya ce a bar waɗancan. Amma tsofaffi nawa ake cewa limoniya ce ta tafi da su, a rufe magana? Gwajin fitsarin da ke gano ta ba a cika yin sa a asibitocinmu ba, ita Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce ƙasashe da yawa ba su da kayan ganowa. Kuma wankin tankin nan ai yana rage gudawar da ka ambata.

MaiLambu_Ajiwa:
Mu masu noman rani da ke ban ruwa fa? Kuma muna haɗa taki.

Dakta_MB:
Ban ruwa ta kwari babu feshi. In tiyo ne da ya wuni a rana da ruwa a ciki, ka bar na farkon ya zuba a ƙasa kafin ka ɗaga shi. Taki kuwa akwai wata 'yar uwarta, longbeachae, da aka fi sani a Ostireliya da Niyu Zilan, daga ƙasar shuka da ruɓaɓɓen taki ake shaƙarta. Ka yayyafa ruwa kafin ka juya don kar ƙura ta tashi, ka wanke hannu.

Fulamba_KofarKaura:
Bari in ƙara don masu aiki Abuja da Kaduna da ke rufe gida sai Sallah, da makarantun kwana bayan hutu. In kun dawo kar a faɗa wanka kai tsaye. A buɗe taga, a kwance kan shawar, a saki ruwa a hankali ya yi ta zuba har sabo ya iso, mutum ya fita waje. Kan shawar a jiƙa shi a ruwan kal ya cinye farin dutsen nan, a ɗauraye sosai, sannan a sa a ruwan bilic daban. Kar a haɗa su wuri guda, hayaƙin da ke tashi guba ne. Banɗakin baƙi da ba a shiga a riƙa sakin ruwansa duk sati. Masu hita kuma, in za a kunna a bari ta yi zafi sosai sannan a surka, ba a bar ta ɗumi-ɗumi ba, a dai kula da yara. Tanki a yi masa rumfa da murfi.

Dan_Layout:
Rumfa ko fenti fari? Wani injiniya ya ce min farin tanki ya fi.

Fulamba_KofarKaura:
Farin da haske ke ratsawa gansakuka yake yi. Baƙi ƙarƙashin rumfar kwano da iska ke wucewa, shi na fi yarda da shi.

Abba_MaiEsi:
Oga ni na ga wanda ya shafa wa baƙin farin fenti ta waje, haske bai shiga kuma ruwan ya rage zafi. Ya fi rumfa arha.

Fulamba_KofarKaura:
Fenti bai kama roba, damina ɗaya zai ɓare. Ka zo shago in nuna maka guda biyu da aka yi wa haka.

Ummu_Sadiq:
Na kunna wa Hajiya esinta. Oga Fulamba nawa kuke wanke tanki mai lita dubu biyu, kuma kuna zuwa Sabuwar Unguwa?